Ciwon Giyar Otomatik: A Auna Kafin A Yanka

Duk wanda ya bi hanyar Kachia da safe, tun daga Sabon Tasha ya ratso Television da Kakuri har ya iso gada, zai lura da cewa motocin da suka cika titi yanzu ba irin waɗanda iyayenmu suka saba da su ba ne. Yawancinsu ba su da kuloci. Ƙafar hagun direba tana hutawa, hannunsa na dama bai damu da sandar giya ba, mota ita ke canja wa kanta lamba. Wannan ita a ke kira giyar otomatik. Daɗinta ba ya faɗuwa, musamman ga akawu ko malamin makaranta da ke shan gosulo kullum kafin ya haye kogi zuwa wurin aiki. Amma ran da ta yi ciwo, ran nan mai ita ya kan san ya sayi mota, gama gyaranta ya kan lashe albashin watanni.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, kuɗin nan da yawa a banza su ke tafiya. Sau da yawa a kan sauke giya a farke cikinta, ko a ce wa mai mota ya haye Panteka ya sayo wata, alhali kuwa ciwon bai wuce ƙarancin mai ba, ko wata 'yar waya da ta saki, ko ma ba a giyar ya ke ba sam. Likitan kirki ba ya kai mutum ɗakin tiyata sai ya tambaye shi, ya duba idonsa, ya auna jininsa. Haka ya kamata a yi wa giya, kuma rabin awon nan mai mota da kansa yana iya yinsa a ƙofar gidansa.

Yadda muka zo nan

Kudancin Kaduna ba baƙon ƙarfe ba ne. Nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction ta ke, nan masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri cikin 1957, nan kuma aka kafa ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot, wadda ta soma fitar da mota cikin 1975. A shekarar nan ce ma'aikatan Gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, har wanda a zamanin En'e bai wuce rancen keke ba ya soma tunanin mota. Fijo 404 da 504 suka zama motocin ma'aikata, aka yi ta ƙera 504 a Kakuri har 2006. Makanikan Makera da Kakuri da Nasarawa a kan waɗannan motoci suka koyi sana'a, suka kuwa iya ta ƙwarai. Bakanike na wancan zamani da kunne kaɗai ya kan gaya maka abin da ke damun giyar hannu.

Daga baya sai motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka suka kwararo, yawanci ta tashar ruwa ta Kwatano, har sunan ya bi su. Ko da ya ke Gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga farkon 2017, kafin nan gari ya riga ya cika da Toyota da Honda masu giyar otomatik. Ita wannan giya ba sabuwa ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa irinta, mai suna Hydra-Matic, a motar Oldsmobile ta 1940. Mu ne dai ta iso mana a makare, ta kuma iso da tsufanta, gama da wuya ka sami 'yar Kwatano da ba ta ci kilomita dubu ɗari ba kafin ta taka ƙasarmu. Ga shi kuwa ilmin giyar hannu ba ya yi wa mutum jagora a nan. Abin da ya ke daidai ga 504 ya kan zama guba ga Camry.

Mai shi ne jininta

In ba a san yadda abu ke aiki ba, ba a gane ciwonsa. A giyar hannu, aikin mai bai wuce sa haƙora su yi santsi ba. A giyar otomatik kuwa, mai shi ke ɗauke da ƙarfin inji, shi ke sa giya, shi ke sanyaya ta.

A gurbin kuloci akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, cike da mai, makanikai na ce masa kwambata. Ku ɗauki misalin fanka biyu da aka sa suna fuskantar juna. In an kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a kunna ta ba. Haka inji ke juya rabi guda, mai ya bugi ɗaya rabin ya juya shi, shi kuma ya juya giya. Saboda haka ne mota ke iya tsayawa cak a kan birki ba tare da inji ya mutu ba. Daga nan akwai famfo wanda inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi ta cikin wasu 'yan hanyoyi masu kama da gidan tururuwa. A bakin hanyoyin akwai ƙofofi na lantarki, su a ke kira solonoyid, kwamfutar mota ke buɗe su ta rufe. Ƙofar da aka buɗe, mai ya bi ta ya matse wani jerin faya-fayai, waɗanda a gareji a ke ce wa faiba, sai lamba ta shiga. Ke nan abu uku ke haɗuwa kafin mota ta canja lamba: mai, da lantarki, da ƙarfe. Biyun farko gyaransu da sauƙi. Na ukun ne mai tsada, shi ne kuma ya kamata ya zama na ƙarshe da za a zarga.

To, sai a fara da mai. A ajiye mota a wuri mai baidaya bayan an ɗan yi tafiya ta yi ɗumi, a bar inji yana aiki, a taka birki, a zaga da sanda kan kowane harafi, P da R da N da D, a dawo da ita P. Sa'an nan a zaro sandar awon man giya, a goge da farin ƙyalle mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Haka a ke yi wa Toyota da yawancin motoci. Amma tsofaffin Honda dabam su ke: a kan kashe inji tukuna, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda bai san wannan ba ya kan yi ta ƙara mai ga motar da ba ta bukata.

Abu uku a ke dubawa: yawa, da launi, da wari. In mai ya gaza, famfo ya kan shaƙi iska, giya ta riƙa jinkiri tana zamewa. In ya yi yawa kuma ya kan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba. Man giya ba ya ƙonewa ya ragu kamar baƙin man inji, saboda haka in ya gaza lalle akwai inda ya ke yoyo. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe ɗigon zai nuna wurin. Sabon mai galibi ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, faiba ta fara cinyewa, kuma sabon mai ba zai mayar da abin da ya tafi ba.

Akwai launi na huɗu wanda ya fi kowanne muni, mu kuwa mutanen bakin kogi mun fi kowa haɗuwa da shi. In ka zaro sanda ka ga mai ya yi fari-fari kamar an dama kindirmo da zoɓo, ruwa ya shiga. Hanyarsa biyu ce. A motoci da yawa man giya yana ratsawa ta wani bututu cikin lagireto domin ya huce, in bututun ya ci tsatsa ya huje sai ruwa da mai su gauraya. Ta biyun kuwa ita ce damina. Cikin Agusta da Satumba, sa'ad da kogi ya cika, kwatami ya tumbatsa a ƙananan layukan Barnawa da Nasarawa da Unguwar Romi, direba ya kan ce bari ya kutsa, ai ruwan bai kai ƙofa ba. Giya tana da 'yar kafar shan iska a samanta, in tana da zafi ta shiga ruwa mai sanyi sai ta zuƙo shi ta nan. Faiba da gam aka manna ta, ruwa kuwa ya kan saki gam ɗin. Motar da ta sha ruwa ba a ce bari a kai ta gobe. A kashe ta nan take, a zubar da man, a wanke, watakila a tsira da ita.

Game da irin man da a ke zubawa, nan ne mu ke ganin an fi yin ganganci. Mai shago ya kan miƙo galan ya ce ai duk ja ne. Ba duka ɗaya ba ne. Dexron, wanda General Motors ya fitar tun 1967, shi ya fi yawa a kasuwa, amma Toyota da dama T-IV su ke so, na baya-bayan nan kuma WS. Honda tana da nata, Z1 da wanda ya gaje shi, DW-1. Motocin da ke da giyar bel, wadda a ke kira CVT, kamar Nissan da yawa, mansu ma dabam ne ɗungum, in an zuba musu na gama-gari bel ɗin ya kan zame ya lalace. Sunan man yana rubuce a littafin mota, wani lokaci ma a jikin sandar awo. Mai mota da ya iya karanta takardar ofis ba shi da uzurin barin yaron gareji ya zaɓar masa. Har wa yau, tambaya ta fari da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce, yaushe ciwon ya fara? In mako guda ne bayan an canja mai, to an san inda za a nufa.

Abin da mota ke faɗi

Bayan mai sai a saurari motar kanta. Ya kamata a hau ta da sanyin safiya, a kuma hau ta da tsakar rana cikin zafin Maris ko Afrilu, a rubuta abin da aka ji. Faɗin "giya tana ba ni wahala" bai ishi bakanike ba.

In an sa D ko R, mota mai lafiya ta kan amsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In sai an jira an taka totur kafin ta shiga da ƙara, galibi ƙarfin mai ne ya gaza, ko don ƙaranci, ko matata ta toshe, ko robobin ciki sun bushe. In kuwa ta shiga nan da nan amma da bugu kamar an doki ƙasan mota da taɓarya, a duba robobin da inji da giya ke zaune a kansu kafin a zargi kowa. Ramukan titunanmu su kan yage su, sauya su kuwa aikin awa biyu ne.

Zamewa ita ce alamar da ba a wasa da ita. Ka taka totur, allurar inji ta tashi, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara gudu ba. In tana yi da sanyi ta daina da zafi, da sauran fata. In kuwa da safe lafiya lau ta ke, sai an sha gosulo a kan gada ta fara, zafi ne ya tsinke mai, kuma sai a dubi fanka da lagireto, gama abin da ke sanyaya inji shi ke sanyaya giya. Giya tana son zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 90 ba. In ya haura 120 mai ya kan lalace da sauri.

Akwai kuma karkarwa da a kan ji a miƙaƙƙiyar hanya, misali in an fita Gonin Gora an kama hanyar Abuja, a gudun kilomita 60 zuwa 80, kamar an hau titi mai gargada. Wannan tana iya zama daga kwambata, tana kuma iya zama fulogi ne ko kwayil ɗinsa ya mutu. An sha sauke giya saboda fulogi guda. Haka nan batir mai rauni, ko wayar da ke haɗa inji da jikin mota in ta yi tsatsa, su kan rikita kwamfuta har giya ta riƙa canji barkatai. Motar da ta ƙi tashi a P amma ta tashi a N, makunnin P da N ne ya goce. Wadda sandarta ta ƙi fita daga P, sau da yawa makunnin fitilar birki ne. Duk waɗannan aikin mai gyaran waya ne.

Bari mu ɗan ratse mu taɓa wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, watau cire tamastat da zarar mota ta iso, wai don an yi shi ne saboda ƙasashen sanyi. Kwamfutar mota tana auna zafin ruwan inji kafin ta yarda giya ta hau lambar ƙarshe. Toyota da yawa ba su sakin wannan lamba sai ruwa ya yi ɗumi sosai. In an cire tamastat, da asubar hunturu inji ya kan daɗe bai ɗumama ba, mota ta yi ta kuka a lamba uku tana shan fetur, mai ita kuwa yana can yana neman kuɗin sabuwar giya.

Wata rana kuma mota ta kan maƙale a lamba guda, galibi ta uku, ta yi nauyin tashi, ta ƙi canjawa ko an yi mata yaya. In an kashe an sake tayarwa sai ta warware na ɗan lokaci. Ba mutuwa ta yi ba. Kwamfuta ce ta ga abin da bai gamshe ta ba, ta kulle giya a lamba ɗaya domin a lallaɓa a isa gareji ba tare da ɓarna ta ƙaru ba. Masu Peugeot 206 da 307 da 406 sun san wannan hali sarai. Giyarsu mai lamba huɗu, wadda a ke kira AL4, ta shahara da shi: sai a ji bugu, allo ya rubuta cewa giya ta sami matsala, mota ta tsaya a lamba uku. Mafi yawan lokaci solonoyid biyu ne masu daidaita ƙarfin mai suka gaji, ana kuwa sauya su giya tana jikin mota. Ita AL4 ba ta da sandar awo ma, ta ƙasa a ke duba manta a wani zafi da aka ƙayyade, saboda haka ba aikin kowane gareji ba ne.

Na'ura da hukunci

Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar bincike. Turai ta bi sahu ga motocin fetur cikin 2001. Kusan kowace 'yar Kwatano tana da ita. Na'urar ta kan fito da lambobi. P0700 cewa kawai ta ke yi kwamfutar giya tana da ƙara, sai a shiga ciki a ji mene ne. P0715 da P0720 suna nuni ga na'urorin da ke auna saurin juyawa a mashiga da mafitar giya, ƙananan abubuwa ne da a ke kwancewa daga waje. P0741 ta shafi kulocin cikin kwambata. P0730 ita ce mai faɗar da gaba, gama ma'anarta lambar da kwamfuta ta umarta ba ita ce ta shiga ba, watau akwai zamewa.

Amma fa lamba ba hukunci ba ce, shaida ce. In ta ambaci solonoyid, yana yiwuwa shi ne, yana yiwuwa wayarsa ce ɓera ya ci, ko soket ɗinsa ruwan wankin inji ya shiga. Muna ba masu mota shawara su rubuta lambobin da hannunsu kafin a share su. Akwai masu na'ura da aikinsu ke nan, su share lamba, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo.

In an wuce duk wannan ciwo bai bayyana ba, sauran awo biyu na gwani. Ɗaya shi ne a jona agogon awo a jikin giya a ga ƙarfin da famfo ke bayarwa, a gwada shi da abin da littafin motar ya faɗa. Ɗayan kuwa a kwance farantin ƙasa a dubi abin da ya kwanta a ciki. Akwai maganaɗisu a farantin. In laushin toka-toka ne kawai ya manne masa kamar kwalli, wannan tsufa ne na yau da kullum. In an ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin ɓawon faiba, ko kuwa mota tana tafiya gaba lafiya amma ribas ya ɗauke ɗungum bayan mai da waya sun tabbata lafiya, a nan ne bakanike ke da hujjar cewa a sauke. Mai mota yana da iko ya ce a nuna masa farantin da idonsa.

Ko an kai ga sayen wata giyar, tsugune ba ta ƙare ba. Giya biyu su kan yi kama a ido amma lambar jikinsu ta bambanta, in an ɗaura wadda ba ta dace ba kwamfuta ba za ta yarda da ita ba. Sai a kwafi lambar tsohuwar a tafi da ita kasuwa, a kuma yi yarjejeniya a rubuce da mai sayarwa kan kwanakin gwaji. Sa'an nan lalle a wanke bututun da ke kai mai lagireto, gama dattin tsohuwar giya yana nan kwance a ciki, in an bar shi zai koma cikin sabuwar tun ran farko.

Saura magana guda, game da ranar da mota ta mutu a hanya. Direban da ya tashi a kan 504 ya saba da abu uku: turi in batir ya mutu, sakin firi a gangare don tsimin fetur, da ja da igiya zuwa gareji. Turi ba ya tayar da otomatik, ko unguwa guda za ta taru. Sakin firi ba ya rage fetur a motocin zamani, sai dai ya raba direba da ikon motarsa. Ja da igiya kuwa shi ne mafi ɓarna, domin famfon mai da inji ya ke juyawa. In inji a kashe ya ke, ƙafafu suna juya kayan cikin giya ba mai zuba musu mai. Motar da fulogi ko famfon fetur kaɗai ya tsayar a Sabon Tasha, in aka ja ta a ƙasa har Kakuri, tana iya isa da ciwo biyu. A kira janwe ya ɗaga ƙafafun da ke jan motar, waɗanda a Camry da Accord da 406 na gaba ne, ko kuwa a ɗora ta gaba ɗaya a bayan babbar mota.